PSA ɗina ya hito 5,8 amma abokina ɗan Sin ya ce kar in damu, in bi maganarshi?

Ɗan Guwanju

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sani ku ba ni haske, abin ga ya hana ni kwana yau dare ukku ke nan. Shekaruna 53, kayan babur nike saidawa nan babbar kasuwa, nikan tahi Guwanju ta ƙasar Sin sau biyu a shekara sarin kaya. To tun bayan azumi nike tashi hitsari cikin dare sau ukku wani lokaci har huɗu, kuma in na tsuguna sai na yi ta jira kahin ya zo, ni dai na aza shayi ne don ni mutum ne mai zaman fada har sha biyun dare. Ɗiyata da ke lekol ɗin aikin jinya ita ta matsa mini sai na je an yi analis, anka ɗebi jini, takarda ta hito an rubuta PSA 5,8, wato awon jinin da ake neman alamar kansar furostat ta maza da shi. Yaron labo ya ce ya wuce 4 sai in nemi likitan mafitsara, bai ƙara mini ko kalma guda ba ya kira na bayana.

Da dare na kira abokin hulɗata na can ta WeChat, ɗan Sin ne, mun fi shekara goma tare kuma ya ɗan girme ni. Dariya ya yi, ya ce shi nashi 7 ya hito bara, likitansu ya sa anka yi mishi hoton IRM, wanda ake sa mutum cikin na'ura a ga cikin jikinshi, ba a ga komi ba, ko allurar ɗibar nama ba a soka mishi ba, anka ce ya riƙa komawa awo. Wai likitan ya ce mishi masu 4 zuwa 10 mahi yawansu ba su da kansa. In kwantar da hankalina in sha koren shayi, haka ya ce.

To ni tambayata, in bi tashi in share? Kuma wanga IRM ɗin dole ne ko ekogarafi ta isa?

Bagobiri74

Alhaji wa ya aike ka awo tun farko? Tsohona ya kai kusan 90 bai san wani PSA ba har Allah ya ɗauki abinshi lahiya lau. Yanzu ga shi ka sayo ma kanka rashin barci da kuɗinka. Kuma ni abin da nike ji, in anka yi ma mutum tiyatar wanga ciwon to ya gama da iyali sai kallo, wasu ma hitsari ke zubo musu ba su sani ba. Bi ta ɗan Sin ɗinka kawai.

Majo mai ritaya

Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sa ma tsofaffi robar fitsari, bari in faɗi abin da na sani.

Da farko abin da ake magana a kai ba mafitsara ba ne, ko da yake a rediyo sankarar mafitsara suke cewa. Furostat wata ƴar tsoka ce kamar girman goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi, shi ya sa in ta kumbura sai ta shaƙe hanya. Kuma kusan duk namijin da ya manyanta tana ƙara girma a jikinshi, wannan tsufa ne ba kansa ba. Tashin dare da jiran fitsari da ka faɗa, galibi wannan kumburin ne. Ita kansar in tana farkonta yawanci shiru take ba ta nuna komi, abin da ke sa ta yi ma mutane sata ke nan.

PSA kuma wani sinadari ne da furostat ɗin ke fitarwa, kaɗan daga ciki ke shiga jini. Kumburin tsufa na ɗaga shi, ciwon sanyi a hanyar fitsari na ɗaga shi sosai, sa roba na ɗaga shi, har kusantar iyali kwana ɗaya ko biyu kafin ɗiban jini na iya taɓa shi. Don haka awo guda ba ya yanke hukunci. Ka bari a gwada fitsarinka a ga ko da ƙwayar cuta, sannan bayan sati huɗu zuwa shida a sake PSA, a labo ɗin da anka yi na farko in da hali, kwana biyu kafin nan ka yi ma Hajiya uzuri. In kana shan finasteride, maganin kumburin furostat, ka faɗa ma likita don yana rage lambar kusan rabi, sai ya ɓoye gaskiya.

Sai abin da maza ke gudu, likita zai sa safa ya duba da yatsa ta baya. Bai kai minti guda ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi Alhaji.

Interne a Yamai

Baba Majo ya gama magana, ni dai zan taɓa batun ɗan Sin ɗin ne don nan ne nake jin tsoron a yi kuskure.

Abokinka bai yi ƙarya ba Baba Alhaji, gaskiyar jikinsa ya faɗa maka. An daɗe da lura cewa in ka ɗauki mazan Sin masu PSA tsakanin 4 da 10 aka tsaga aka duba, waɗanda ake samu da kansa ba su kai na Turawa masu lamba iri ɗaya ba. Shi ya sa likitocin Hong Kong da Shanghai suka ba da ƙarfi wajen neman hanyar rage yi wa mutanensu biyofsi, wato ɗibar ɗan nama da allura a duba, a banza, suka yi aiki sosai kan wani gwajin jini da ake kira PHI wanda ke haɗa PSA da wasu ƴan uwansa biyu, har suka nuna ma'aunin da ake amfani da shi a Turai sai an gyara shi kafin ya dace da ƴan Asiya. Ka duba ma lissafi, a 2022 sabbin masu ciwon a Sin wajen dubu 134 ne, ƙasa mai mutum biliyan 1,4, alhali Amurka da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na yawansu ba tana samun kusan dubu 300 a shekara. Wani ɓangare na tazarar rashin yawan awo ne a Sin, kuma su ma suna kuka da cewa da yawa ba a gano musu sai ya riga ya bazu, ba wai sun tsira ba ne.

Mu kuwa baƙar fata muna can ɗaya ƙarshen. A Ingila an lissafa, cikin baƙaƙen maza 1 cikin 4 zai gamu da ciwon a rayuwarsa, farare 1 cikin 8, ƴan Asiya mazauna can 1 cikin 13. A Amurka baƙi na mutuwa da shi kusan ninki biyu na farare, kuma yana kama mu da wuri, shi ya sa ake cewa baƙin mutum ya fara maganar awo tun yana 45 ba sai 50 ba. To ka ga 7 ɗinsa da 5,8 ɗinka ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da za ka ɗauka a wurinsa ba dariyar ba ce, tsarin da aka bi da shi ne: jini, hoto, sannan allura in ta kama. Da can da PSA ya hau sai a soka allura wuri goma sha biyu a makance. Yanzu IRM ake fara yi, mai karanta hoton ya ba da maki 1 zuwa 5, PI-RADS ake ce masa, 1 da 2 galibi a bar mutum ana sa masa ido, 4 da 5 a nufi daidai tabon a ɗebo, 3 ne mai gardama. A wani gwaji da aka fitar a 2018 mai suna PRECISION, maza 500, waɗanda aka fara yi wa IRM kashi 28 cikin ɗari ba a soka musu allura ba sam, kuma duk da haka an kama kansa mai haɗari a kashi 38, a tsohuwar hanya 26. Ekogarafi ba ta maye gurbin IRM, amma tana da amfaninta, da ita ake auna girman furostat ɗin sai a raba PSA da girman, in abin ya yi ƙasa da 0,15 hankali ya fi kwanciya. Furostat babba mai 5,8 daban, ƙarama mai 5,8 daban.

Bagobiri74

Dokta to mi ya sa Amurkawa da kansu sunka ce a daina awon? Na taɓa jin haka. In abin kirki ne ai ba su bari.

Interne a Yamai

Ka ji daidai yayana, a 2012 kwamitinsu ya ce a daina yi wa kowa da kowa, amma a 2018 sun sassauta, suka ce mai 55 zuwa 69 ya zauna da likitansa su yanke, mai 70 zuwa sama a ƙyale shi. Kuma damuwarka ba shirme ba ce. Babban gwajin Turai da ya bi maza sama da dubu 160 ya nuna awo na rage mutuwa da wajen kashi 20 cikin ɗari, sai dai bayan shekara 16 lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 awo, an gano ciwon a jikin 18, kafin a ceci rai ɗaya. Da yawa cikin sauran irin kansar nan ce mai tafiyar hawainiya wadda mutum zai mutu da ita ba ita ta kashe shi ba, ƙila ma tsohonka na da ita bai sani ba. In aka yi wa irin wannan aiki ya rasa ƙarfinsa ko ya riƙa ɗigar fitsari an cuce shi. Amma yanzu ba duk wanda aka gano ake yankawa ba, mai Gleason 6, wato makin kansa marar zafi a awon naman, yawanci sa ido kawai ake. A Ingila an bi maza 1643 shekara 15, wasu aka yi musu aiki wasu gashi da hasken na'ura wasu sa ido, wajen 3 cikin 100 ne ciwon ya kashe a kowane rukuni.

Sai dai ka lura kusan duk waɗannan gwaje-gwajen a kan Turawa aka yi su, kuma Alhaji ya wuce matakin a yi awo ko kar a yi, takarda na hannunsa ga kuma alamu.

Uwar Biyu

Ni ban san lambobin nan naku ba amma na san jinya. Maigidana Allah ya jiƙanshi shekara biyu shina kukan baya da ƙugu, anka ce sanyi ne anka ce basir ne, duk mai mota da lasifika da ya tsaya bakin tasha sai ya sayo jarka, na dahwa saiwa har tukunyata ta canza kala. Sau guda ya je likita, da anka ce za a duba shi ta baya ya ɗauki hularshi ya hito wai shi da girmanshi yaro sa'an ɗanshi. Ranar da hitsari ya tsaya mishi cik cikin dare munka kai shi shina kuka kamar ƙaramin yaro, da anka auna lambar nan tashi ɗaruruwa ce kuma ya riga ya shiga ƙashi. Munka saida hili munka tahi Yamai, wata bakwai ya yi.

Malam Bagobiri kana maganar iyali sai kallo, wallahi da kallon muke yi yau da na gode Allah. Alhaji ka ji maganar ɗiyarka, Allah ya yi mata albarka.

Majo mai ritaya

Allah ya gafarta mishi Hajiya, ya raya abin da ya bari. Irin nashi su na fi gani, mu nan matsalarmu ba yawan awo ba ce kamar Turai, zuwa a makare ne. Kuma ciwon bai san sarauta ba, shi ya kashe Mitterrand na Faransa a 1996, shi ya kashe Mobutu a Maroko a 1997 da duk dukiyarshi, Mandela kuwa an yi mishi gashi a 2001 ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya. Ko gashin ma yanzu akwai cibiyar kansa a Yamai da ke yi, da can sai an fita waje.

Alhaji na manta ban tambaye ka ba, a danginku na wajen uba akwai wanda ya yi irin wannan?

Ɗan Guwanju

Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya Allah ya jiƙan maigida. Baba Majo tambayarka ta sa na kira yayata ta Tibiri, ta ce ai Baffanmu ƙanen tsoho da roba ya rasu kuma a ƙarshe ba ya iya tashi don ciwon baya, mu muna yara ce mana anka yi sammu ne. Shi tsoho hatsarin mota ne tun yana da ƙuruciya. An yi awon hitsari yau babu komi ciki, likita ya duba ni da yatsan ma, ba daɗi amma ya wuce, ya ce ta kumbura amma bai ji tauri ba, in dawo bayan sati biyar a sake jini.

To in IRM ɗin ya kama, ina tunanin in bari sai Oktoba in na tahi baje kolin Guwanju abokina ya kai ni wurin likitanshi, tunda dama tahiyar na nan?

Majo mai ritaya

Oktoba da sauran wata biyar fa, kuma ga labarin Baffa, ka faɗa ma likitanka wannan gobe-gobe kar ka jira sati biyar ɗin. In na biyu ya sake hawa ka hau bus ka tafi Yamai ko ka tsallaka Kano, ka tambaya tukuna ko suna yin IRM na furostat kuma akwai mai karanta shi da makin nan da Dokta ya faɗa, don ba kowane hoto ba ne. In ka yi a Guwanju da rubutun Sin za su ba ka takarda, wa zai karanta maka ita nan Maradi?