Wuta ta ci gida ta bar bishiya, ta yaya?

Maman Hanif: Jama'a, na ga hotunan garin Lahaina na jihar Hawaii ta Amurka bayan gobarar Agustan 2023. Abin da ya ɗaure min kai, gidaje sun koma toka amma ga wasu bishiyoyi a tsaye. Ta yaya haka?

Malam Sadi: Hajiya, aikin tartsatsi ne. Iska ke kwasar garwashi ta watsa shi gaba da wutar, wani lokaci fiye da kilomita guda. Sai ya faɗa kan busassun ganyen da suka taru a indararo, ko ya shige ta kafar shan iska. Gidan katako na kamawa, sai na maƙwabci ya ɗauka. Ɗanyar bishiya kuwa akwai ruwa a jikinta.

Ummi_K: Ni cunkoson hanya ke ba ni tsoro. A gobarar garin Paradise na Kalifoniya da kewayensa, a 2018, mutum 85 suka rasu, wasu a cikin motocinsu suna ƙoƙarin ficewa. Allah Ya kiyaye.

Malam Sadi: Amin, Ummi. A gobarar garin Fort McMurray na Kanada, a 2016, an kwashe mutum kusan 88,000, gidaje wajen 2,400 suka ƙone.