Neman shawara: shuka furen safiya daga iri a ƙasar sanyi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Agege, kuma a jikin katangar gidanmu akwai furen nan mai yaɗo da masu sayar da shuke-shuke ke kira Morning Glory, wanda yake buɗewa da sassafe ya yanƙwane idan rana ta take. A nan Legas ba ya ba ni wahala, domin irinsa kan zube da kansa ya tsiro da zarar ruwa ya sauka. 'Yata da ke karatu a Leeds ta ƙasar Ingila ta sayi irin a can, ta shuka a tukwane a bayan gida cikin watan Maris, amma galibinsa bai fito ba, 'yan ƙalilan da suka fito kuwa ganyensu ya koɗe ya yi fari-fari, suka ƙi girma. Shin irin ne ba shi da kyau, in aika mata da nawa, ko kuwa akwai abin da ya kamata ta sauya?

Wani dattijo mai sana'ar lambu a Ikeja: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina kyautata zaton irin ba shi da laifi, sanyin ƙasa ne ya kashe shi. Asalin wannan fure daga Meziko ne da yankin tsakiyar nahiyar Amurka, kuma dangin dankalin Hausa ne da duman kada, saboda haka ɗumi yake bukata tun daga ranar shuka. Ƙwayar tana son ƙasa mai ɗumin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙasar Ingila a watan Maris ba ta ko kusa da haka, sai ƙwayar ta sha ruwa ta kumbura ta ruɓe a inda aka binne ta. Ban da wannan, ɓawonta yana da tauri ƙwarai. Ta ɗauki abin yankan farce ta ɗan ɓantare gefen ɓawon, daidai yadda za ta hango farin ciki ba tare da ta ji masa rauni ba, sannan ta jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana. Da safe za ta tarar ƙwayoyin sun kumbura, wasu ma sun tsage. Ta binne su zurfin santimita 1, kuma idan wurin da ɗumi, cikin mako guda ko biyu za su fito.

Wata 'yar'uwa a Idi-Araba, wadda ta taɓa zama a Manchester: Maganar Baba haka take, sai dai ni jiƙawar kawai nake yi, domin wanda hannunsa bai saba ba yakan zarce ya lalata ƙwayar. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne lokaci. Kada ta shuka a waje ko kaɗan. Ta jira ƙarshen Afrilu ta shuka a cikin ɗaki, a bakin taga mai samun rana, ƙwaya ɗaya ko biyu a kowace ƙaramar tukunya, saboda wannan shuka ba ta son a taɓa mata saiwa, kuma idan aka cuɗe su wuri guda aka zo rarrabawa sai su daɗe ba su farfaɗo ba. Tun suna ƙanana ta kafa wa kowanne ɗan tsinke, in ba haka ba za su nannaɗe juna har a kasa raba su. Farin ganyen da kika ambata, Yaya, alamar sanyin dare ce, kuma yakan bayyana idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10. Sai a farkon watan Yuni za ta fitar da su, bayan ta yi kamar kwana 10 tana ajiye su a waje da rana tana shigo da su da magariba don su saba da iska. Ta zaɓi jikin katangar da ke fuskantar kudu, ta ɗaura igiyoyi sirara, ta kuma sa ido a kan dodon koɗi, wanda kan cinye ƙaramin dashe a dare ɗaya.

Wani malamin aikin gona: Ƙarin da zan yi shi ne kada ta cika taki, musamman kashin kaji ko takin zamani mai yawan naitirojin, domin ganye zai yi luf-luf amma fure ya ƙi zuwa. Haka kuma kada ta damu idan Yuli ya shiga ba ta ga fure ba. Yawancin nau'o'insa tsawon dare ne ke sa su fure. A Legas dare da rana kusan awa 12 ne kowannensu duk shekara, amma a Leeds hasken rana yakan kai kusan awa 17 a watan Yuni, don haka furen yakan kankama ne wajen Agusta ya ci gaba har sanyin Oktoba ya kashe shukar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To batun aika mata da irin nawa fa?

Malamin aikin gona: Ban ba ki shawarar haka ba, Hajiya. Fitar da iri zuwa wata ƙasa yana bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda hukumar NAQS, mai binciken lafiyar kayan gona da ke shiga da fita ƙasa, ke bayarwa a Najeriya, alhali a can ana sayar da shi a shagunan lambu da araha, ciki har da nau'in Heavenly Blue mai launin shuɗi. Ke ma a gida ki riƙa ɓoye irin da kike tarawa inda yara ba za su kai ba, domin yana da guba idan aka ci.