Neman kalma: me za mu kira nanopartikil da Hausa?

Malamar kimiyya:
Salamu alaikum. Muna rubuta bayani kan illar nanopartikil (ɗan mitsitsin abu da ido ba ya gani) na oksid ɗin ƙarfe (ƙarfen da ya haɗu da oksijin) ga gansakuka, irin wadda ke kwance a tafkin Madarunfa da Gulbin Maradi. Don kiran nanopartikil da Hausa an kawo ƙura, gari da ƙwayar zarra. Wacce za mu ɗauka?

Malamin kimiyyar sinadarai:
Wa'alaikumus salam, Malama. A cire ƙwayar zarra, ta riga ta zama sunan atom, kuma nanopartikil guda yana ɗauke da dubban atom. Ƙura kuwa iska take kawowa a zuciya, mu a ruwa muke aiki. Girman abin daga nanomita 1 zuwa 100 ne, nanomita kuma kashi ɗaya cikin miliyar na mita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita dubu 80. Ina ba da shawarar ɓurɓushin nano.

Ɗalibi:
Malam, ai ɓurɓushi ido yana ganinsa.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Gaskiyarka, ɗana, shi ya sa nano take biye da shi, ita ce ma'aunin. Gari kuma ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya, mu kuwa muna ƙirgawa.

Mai aikin labo:
Na yarda da ɓurɓushin nano, amma inda ake tuntuɓe shi ne kalmar aiki. Kada a rubuta "an narkar da shi a ruwa". Damawa ake yi, kamar fura: a sa kwalbar cikin injin girgiza da sauti har curin ya watse. In an bar shi ya sake curewa ya kwanta a gindi, adadin da ke takarda ba shi ne gansakuka ta sha ba.

Narkewa abu ne daban, kuma a nan gubar oksid ɗin tutiya take. Yana sakin tutiya narkakkiya, ƙasa da miligiram 0.1 a lita ya isa ya rage tsiron gansakuka da rabi. Na tagulla yana biye masa. Na titaniyom da kyar yake narkewa: yana manne wa ƙwayoyin gansakuka, ya cure da su, ya tare musu haske, in rana ta buge shi kuma ya haifar da sinadaran oksijin masu ƙona bangon ƙwaya.

A gwaji mai lamba 201 na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ana rainon gansakuka awa 72 cikin haske mara yankewa, zafi digiri 21 zuwa 24. A Maradi sai da na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke a watan Afrilu gwajin ya tashi. Gansakukar da ke kwalbar da ba a sa wa ɓurɓushin ba dole ta ninka aƙalla sau 16. Kuskure biyu sun fi yawa: sinadarin EDTA da ke ruwan raino yana kama ƙarfen ya ɓoye gubar, sannan ɓurɓushin yana gurɓata ruwa, na'urar auna duhu ta ɗauke shi gansakuka. A tatsi koren launin gansakukar a auna shi, ko a ƙirga ƙwayoyinta a madubin likita.

Malamar kimiyya:
Madalla, Allah ya saka. Na rubuta ɓurɓushin nano, damawa, curewa, narkewa. Oksid fa? Wani ya ce tsatsa.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Tsatsa ja ce, ta baƙin ƙarfe. Oksid ɗin tutiya fari ne fat. A bar oksid yadda yake.