Wai me za mu kira "background process" da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, ku zo ku raba mu gardama. Jiya a shagonmu na Tudun Wada ina nuna wa ƙanina ɗan Kadpoly yadda ake binciken ƙunshin manhaja a Debian (wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne na Linux), na buga umarnin lintian, manhajar da ke yin binciken, na sa alamar & a ƙarshe na ci gaba da harkata, sai ya ce Yaya ina aikin ya shiga? Na buɗe baki zan yi bayani, Hausa ta ƙi zuwa.

Ita dai alamar & tana sa kwamfuta ta riƙa aikin can gefe ta sakar maka allo, ba sai ka zauna ka zuba mata ido ba, in ka haɗa da umarnin nohup kuma ko ka rufe tagar aikin bai tsayawa. Lintian dubawa yake ko ƙunshin ya bi ƙa'idar Debian, wani mai binciken, piuparts, kuma ya girka ya sabunta ya cire ya ga ko an bar shara, wannan ɗin na cin lokaci wlh shi ya sa ake tura shi gefe.

Wani a shagon ya ce "aikin ƙarƙashin ƙasa". Haba, sai ka ce juyin mulki ake kitsawa. Ƙanin nawa ya ce tunda Turawa daemon (kamar ka ce aljani) suke ce wa manhajojin da ke kwana suna aiki a gefe irin su sshd da cron, mu ce aljani kawai. Eh, daga jami'ar MIT ta Amurka sunan daemon ya fito a 1963, amma je ka ce wa Hajiya akwai aljanu a kwamfutarta ka gani in ba ta kira mai ruƙiyya ba.

Ni "aikin bayan fage" ya fi kwanta min, 'yan fim sun riga sun saba mana da kalmar.

Sai sunan shi mai binciken, wato lintian. "Mai tantance inganci" kamar takardar ofis yake, alhali muna da dubagari! Ya shigo gida ya leƙa randa ya leƙa kwata, bai share maka ko ƙofar ɗaki, laifinka kawai zai rubuta ya wuce. Haka lintian yake, E in kuskure ne, W in gargaɗi ne, gyara kuma naka ne.

Toh ni daga yau "na saki dubagari a bayan fage" zan riƙa cewa. Yaron dai yana nan kan aljaninsa, akwai mai goya masa baya?