Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ofrenda"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa rahoton rediyo da zai fita jibi a kan bikin tunawa da mamata na ƙasar Meziko, wanda ake yi ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado a 2008. Kalmar da ta gagare ni ita ce "ofrenda", wato wurin da iyali ke ƙawatawa a cikin gida da hotunan mamatansu, da kyandira, da ruwa, da burodi, da wata fulawa mai ruwan lemo da suke kira cempasúchil. Sun yi imani cewa launinta da ƙamshinta ne ke nuna wa ruhin mamaci hanyar gida, shi ya sa ake barbaza ta tun daga bakin ƙofa.

Wata mai fassara: Wa alaikumus salam. "Bagadi" ya zauna a fassarar Littafi Mai Tsarki, sai dai yana kai tunani ga ƙona hadaya, alhali a nan ba a yanka komai. Ni dai "teburin tunawa da mamata" zan ce.

Malamin Hausa: Kafin a kai ga tebur, ɗana, gyara "fulawa". Fulawa garin da ake kwaɓa burodin ne, abin da tsiro ke fitarwa kuwa fure ne. Mutanen Meziko ba su yar da sunan da suka gada daga harshen Nahuwatil ba, wanda ke nufin "fure ashirin", mu kuma muna gudun namu kamar abin kunya. Shawarata ita ce "dakalin bege".

Wani ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, kyandir da burodi ma aro ne, kuma ba ka kore su ba. Dakali kuwa a ƙofar gida yake, wurin hira, kuma "bege" zai sa mai sauraro ya zaci waƙar yabon Annabi ake nufi.

Malamin Hausa: Abin da ba mu da shi muka ara. Fure kuwa muna da shi tun kafin zuwan Turawa.

Mai tambaya: Na gode muku. Na karɓi "fure" daga wajen Malam. Zan ambaci "ofrenda" sau ɗaya, daga nan in ci gaba da "teburin tunawa da mamata".

Malamin Hausa: Tebur ma dai na Turawa ne, amma tun da lokaci ya ƙure maka, je ka da shi a wannan karon.