Wa Zai Haifa Mana Likita Mace?

Ungozoma

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da na gani wurin aiki shekaranjiya ya tsaya mini a rai. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ta".

Tsakar dare aka shigo mana da ita,
Kwana biyu naƙuda na cin ƙarfinta.
Likitan da ke bakin aiki namiji ne,
Miji ya tare ƙofa, ya ce kar ya taɓa ta.
"A nemo mace," ya ce, muka duba,
Babu likita mace, ni kaɗai ke kanta.
Sai da muka haɗa shi da Allah ya kauce,
Lokacin jini ya kusa tafiya da ita.
Da gari ya waye na ce, babbar 'yarka fa?
Ya ce tun aji uku ya cire ta makaranta.
Malam, likitar da ka kwana kana kira,
Wani uba ne ya bar 'yarsa ta karanta.

Baban Yara

Hajiya, sannu da aiki, zancenki da nauyi,
Ni ma ban tare wa 'yata hanyarta.
Tsorona gidan da zai wuni a kulle,
Uba ya fita tun safe, uwa ma ta fita.
Yaro ya taso waya ce uwarsa,
Abin da ta nuna masa shi zai aikata.
Ci da sha da sutura a wuyana suke,
In na sauke su, laifi ne in ce matata ta huta?

Malamar Islamiyya

Baba, ba laifi ba ne in hutun take so,
Amma ka taɓa jin haka daga bakinta?
Nana Khadija fatauci ta riƙe,
Ayari har Sham yake kai hajarta.
Nana A'isha manyan sahabbai ke tambaya,
Hadisi 2,210 ta ruwaito, an rubuta.
A birnin Fas na Maroko, shekarar 859,
Fatima al-Fihri ta gina masallacin ilimi na Ƙarawiyyin da gadonta.
Ga Nana Asma'u 'yar Shehu ɗan Fodiyo,
Larabci, Fillanci, Hausa, duk ta waƙe da alƙalaminta.
Ta naɗa jajoji, mata masu koyarwa, ta ɗora musu malfa,
Su bi ƙauyuka suna karantar da mata.
'Yan Taru ke nan, har ta rasu a 1864,
Ga Waziri Giɗaɗo mijinta, ga 'ya'yanta.
Gidanta bai zama kango don ta koyar ba,
Shi ya zama zauren da ake zuwa a tambaye ta.

Ƙarin bayani, Baba: a littafinsa Nurul Albab Shehu da kansa ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan magana har yau tana sa ni tunani.

Injiniya

Yaya Malama, tarihi ya sanyaya rai,
Ga tawa ta yau, ku saurare ta.
Ranar ganawar ɗaukar aiki,
Takardun da na kai ba wanda ya karanta.
"Yaushe za ki haihu?" ita ce ta farko,
Abokin karatuna ba a yi masa irinta.
Tun 1951 ƙungiyar ƙwadago ta duniya
Ta ce aiki ɗaya, lada ɗaya, kar a bambanta.
A 2000 ta ce hutun haihuwa mako 14,
Ni a mako na shida aka fara nemana in fito, na ƙuntata.
Da maigida muke fita da safe,
Tare mu dawo, kowa ya jigata.
Shi ya kishingiɗa, ni in ajiye jaka,
In kama wanki da girki, ba ranar da zan huta.
Baba, yaron da kake tsoron a bari,
Ubansa ma na da hannu, ba uwa kaɗai ke da nata.

Ɗalibi

Ƙanwata, wannan tamu ce, mu maza,
Ba zan kauce ba, na karɓe ta.
An tambayi Nana A'isha aikin Manzo (SAW) a gida,
Hidimar iyalinsa, ita ce amsarta.
Yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa,
Akuyarsa ma da kansa yake tatsar ta.
Mun haddace wannan tun muna yara,
Da muka yi aure sai muka manta.
Yau da asuba ni na yi wa 'yan biyu wanka,
Uwarsu na gefe tana bitar jarrabawarta.

Baban Yara

Malama, tambayarki ta hana ni sukuni,
Shekara 20 ban taɓa tambayar ta.
Tana karatun jinya na auro ta,
Har yau littattafan na ƙasan akwatinta.
Tsoron gida bai bar ni ba tukuna,
Amma yau bayan isha'i zan zauna da ita.

Ungozoma

Baba, Allah ya sa a dace. Na manta ban faɗa muku ba:

Mace ta haifa, uwa da ɗiya lafiya,
Yau da hantsi aka sallame ta.
Na miƙa wa uban jaririyar a hannu,
Na ce ka mayar da yayarta makaranta.
Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba,
Ya daɗe tsaye yana kallon fuskarta.