Kansar baki ga mai 'ya'ya: abin da mutane suka ce

A cikin masu ba da shawara ga mai 'ya'ya da aka gano yana da kansar baki (ciwon daji na baki), yawancinsu sun ce kwanakin jiran sakamakon sikanin, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, sun fi komai wuya, barci ma gagara yake, kana kallon yaranka suna wasa hawaye na zubowa. Shawarar da ta fi yawa, a daina bincike a Google da tsakar dare, a tambayi likita matakin da cutar take, daga 1 zuwa 4 ne, in an kama ta da wuri ana warkewa sosai. Ka je asibiti da wani ya riƙa rubutawa don kai ruɗewa za ka yi.

Batun yara kuwa nan aka ja, wasu sun ce a ɓoye, ni dai ina bayan masu cewa a gaya musu daidai hankalinsu, har da cewa ba a ɗaukar cutar daga wani, kafin su ga maganarka ta canza bayan tiyata.